Yaushe ake tarawa, yaushe ake ninkawa a lissafin yiwuwa?

Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe na babbar sakandare, mai shirin rubuta WAEC, ta aiko da wannan tambaya: "Malam, idan yiwuwar abu ɗaya aka tambaye ni, ba na shan wahala. Amma da zarar an haɗa abu biyu sai kaina ya kulle. An koya mana cewa in an ce 'ko' a tara, in an ce 'da' a ninka. Ina bin haka, amma sau da yawa amsata ba ta yin daidai. Ga misali: jaka tana da ƙwallo 5 jajaye da 3 baƙaƙe, aka ciro biyu, mene ne yiwuwar duka su zama jajaye? Na samu 25/64, littafi ya ce 5/14. Ina kuskurena?"

'Yata, ƙa'idar da aka koya muku ba ƙarya ba ce, sai dai rabinta aka ba ku. Tarawa tana da sharaɗi, ninkawa ma tana da nata, kuma waɗannan sharuɗɗan ne masu shirya jarrabawa suke gwadawa, domin sun san kowa ya iya tara 1/6 da 1/6. Kafin ki tara, ki tambayi kanki ko abubuwan biyu za su iya faruwa tare. Kafin ki ninka kuma, ki tambayi kanki ko faruwar na farko ta canza wa na biyu lissafi. Duk bayanin da zai biyo baya, waɗannan tambayoyi biyu ne nake warwarewa.

Ki riƙe abu ɗaya tun yanzu. A matakinku, yiwuwa ƙidaya ce kawai: hanyoyin da abin da kike so zai faru a sama, dukkan hanyoyin da ake da su a ƙasa, muddin babu hanyar da ta fi wata samun dama. Ƙa'idojin da kike haddacewa an ƙirƙire su ne don a rage wahalar ƙidaya. Duk ranar da ƙa'ida ta rikice miki, koma ki ƙirga da hannu, ƙidaya za ta gaya miki ko ƙa'idar ta dace da wurin.

Ɗauki ƙwayar ludo guda. Yiwuwar ta ba ki 2 ko 5 ita ce 1/6 + 1/6 = 2/6. Tarawa ta yi aiki a nan saboda ƙwaya ba ta nuna fuska biyu a jifa ɗaya. To yanzu a ce ana son lambar da ke rabuwa biyu ba saura, ko lambar da ta wuce 4. Na farko su ne 2, 4, 6, wato 3/6. Na biyu su ne 5 da 6, wato 2/6. In kika tara za ki samu 5/6. Amma ƙirga su da yatsa: 2, 4, 5, 6, huɗu ne kacal, 4/6. Ina ɗayan ya fito? Lamba 6 ce aka ƙirga sau biyu, domin tana cikin rukunin farko, tana cikin na biyu. Kamar gidan biki ne ana ƙirga baƙi don rabon abinci: mutumin da ya ke dangin ango kuma dangin amarya, in kowane ɓangare ya rubuta sunansa, sai a zuba masa kwano biyu. Shi ya sa cikakkiyar ƙa'idar ta ce P(A ko B) = P(A) + P(B) − P(A da B), inda P ke nufin yiwuwa, A da B kuma su ne abubuwan biyu. Ɗebewar nan ta ƙarshe kullum tana nan. Idan abubuwan ba sa haɗuwa, abin ɗebewar sifiri ne, shi ya sa ake ganin kamar babu shi.

Duk mai buga ludo da ƙwaya biyu ya san ɓacin ran jiran shida kafin ya fito daga gida. Yiwuwar a samu shida aƙalla a ɗaya daga cikin ƙwayoyin ba 2/6 ba ce. Zana jadawali mai layi shida a tsaye da shida a kwance, gidaje 36. Layin da ƙwayar farko ta ba da shida yana da gida 6, na ƙwaya ta biyu ma 6, amma sun haɗu a kusurwa, a gidan shida da shida. Saboda haka gidaje 11 ne, ba 12 ba, amsa 11/36.

Wannan jadawalin shi ne kuma ya nuna dalilin ninkawa. Kowace fuska ta ƙwayar farko tana iya haɗuwa da kowace fuska shida ta ƙwaya ta biyu, shida sau shida 36. Shida da shida gida ɗaya ne a cikinsu, 1/6 × 1/6 = 1/36. An ninka lambobin yadda suke ne saboda ƙwaya ta biyu ba ruwanta da abin da ta farko ta yi.

A nan ne tambayarki ta jaka ta shigo. Ƙwallaye 8, biyar jajaye. Cirowar farko, 5/8, wannan kin samu. Sai ki tsaya ki leƙa cikin jakar kafin ki sake sa hannu. Idan an mayar da ƙwallon da aka ciro, jaka ta koma yadda take, 5/8 kuma, amsa 25/64. Wannan shi ne lissafin da kika yi, kuma daidai ne ga tambayar da aka ce an mayar. Amma idan ba a mayar ba, ja guda ya riga ya fita, saura ƙwallaye 7, huɗu daga ciki jajaye. Sai ya zama 5/8 × 4/7 = 20/56 = 5/14, amsar littafi ke nan. Lura da kyau, lambar sama da ta ƙasa duk sun ragu. Ɗalibai da yawa suna rage ta ƙasa su manta da ta sama, su rubuta 5/7, alhali jan da aka ciro yana hannunsu. Har ila yau, in tambaya ta ce an ciro biyu a lokaci ɗaya, ki ɗauke ta a matsayin ba a mayar ba, tun da hannu ba zai damƙi ƙwallo guda sau biyu ba. Haka ma in mutane ake zaɓa, ko lemo ake ci, babu zancen mayarwa.

Ninkawa dai tana nan a duka halayen biyu. Abin da ya canza shi ne lambar da ake ninkawa da ita. Ƙa'idar a cike tana cewa: yiwuwar na farko, sau yiwuwar na biyu bayan an san na farko ya riga ya faru.

Bari mu ƙara matsa wa jakar nan, don akwai sauran darasi a cikinta. A ce ana son ƙwallayen biyu su sha bamban a launi, ba tare da mayarwa ba. Mafi yawan masu faɗuwa a nan suna rubuta 5/8 × 3/7 = 15/56 su ajiye biro. Sun lissafa ja sannan baƙi, sun bar baƙi sannan ja, wanda shi ma 3/8 × 5/7 = 15/56 ne. Hanyoyi biyu ne daban, kuma ba za su faru tare ba, don haka a tara su: 30/56, wato 15/28. Kin ga tambaya guda ta ci ninkawa ta ci tarawa, kuma babu 'ko' a bakin mai tambayar. Abin da ya sa ba na son a koya wa yara farautar kalmomi ke nan.

Maganin mantuwar shi ne zanen reshe. Ki fara daga ɗigo ɗaya, ki fitar da rassa biyu, ja da baƙi, ki rubuta yiwuwar kowanne a jikinsa. Daga kowane reshe ki sake fitar da biyu. Idan kina bin reshe daga tushe zuwa ƙarshe, ninkawa ake yi. Idan kina haɗa ƙarshen rassa daban-daban, tarawa ake yi. Rassan jakarki huɗu ne: ja da ja 20/56, ja da baƙi 15/56, baƙi da ja 15/56, baƙi da baƙi 3/8 × 2/7 = 6/56. Tara lambobin sama: 20, 15, 15, 6 sun ba da 56 cif. Matuƙar jimillar ba ta kai ɗaya daidai ba, akwai reshen da kika rasa ko lambar da kika kuskure. Kada ki yi saurin rage 20/56 zuwa 5/14 tun a tsakiyar aiki, bar su duka a kan 56 har ki gama, tarawar ta fi sauƙi a haka. (Ga wani abin sha'awa a zanen: in ba a nuna miki ƙwallon farko ba, aka tambaye ki yiwuwar na biyu ya zama ja, 20/56 + 15/56 = 35/56, wato 5/8 ɗin dai. Rashin mayarwa ba ya canza komai sai in kin san abin da ya fita.)

Kada ki ga kamar mantawa da hanya ta biyu kuskuren yara ne kaɗai. Jean d'Alembert, ɗaya daga cikin manyan masana lissafi na Faransa, ya rubuta a 1754 cewa in aka jefa kwabo sau biyu, yiwuwar kan kwabon ya fito aƙalla sau ɗaya 2/3 ce. Ya ƙirga yanayi uku ya ɗauka duk nauyinsu ɗaya. Gaskiyar ita ce hanyoyi huɗu ne: kai da kai, kai da baya, baya da kai, baya da baya. Uku daga ciki suna da kai, amsa 3/4.

Wannan lissafin kwabo biyu ya fi ƙarfin jarrabawa, domin shi ne lissafin sikila, cutar da kusan kowa a ƙasar nan ya san gidan da take. Idan miji AS ne, matar ma AS, kowannensu yana ba ɗa ko A ko S, rabi da rabi. Hanyoyi huɗu: A daga uba A daga uwa, A daga uba S daga uwa, S daga uba A daga uwa, S daga duka biyun. Saboda haka AA 1/4, SS 1/4, AS kuwa 1/2 domin ta hanya biyu ake samunsa. Har nan kowa ya yarda. Inda ake ɓata shi ne fassarar "ɗaya cikin huɗu". Za ki ji ana cewa in ɗan fari ya fito da sikila, uku masu zuwa sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki lissafinsa sabo ne, 1/4 ne a na farko, 1/4 ne a na biyar, abin da ya faru da yayan ba ya rage wa ƙanin komai. Kuma tun da kowane ciki zaman kansa yake yi, muna da ikon ninkawa. Yiwuwar a haifi 'ya'ya huɗu babu SS ko ɗaya ita ce 3/4 × 3/4 × 3/4 × 3/4 = 81/256, kusan kashi 32 cikin 100. Ma'ana, yiwuwar a samu aƙalla ɗaya mai SS cikin huɗun ita ce 175/256, kusan kashi 68 cikin 100. Wanda aka ce masa "ɗaya cikin huɗu" yana iya ganin abin da sauƙi. Wanda aka nuna masa kashi 68 zai fahimci dalilin da ya sa likitoci ke nacewa a yi gwajin jini kafin a sa rana.

Kin lura da dabarar da na yi a nan? Ban tsaya lissafa ɗa ɗaya mai SS, sannan biyu, sannan uku, sannan huɗu ba. Na lissafa "babu ko ɗaya", na ɗebe daga 1. Duk inda kika ga "aƙalla ɗaya", nan za ki fara dubawa, domin kishiyarsa reshe guda ne tak.

A kan irin wannan tambayar ce ma ake ba da labarin wani bafaranshe mai son caca, Chevalier de Méré, wanda tambayoyinsa suka kai ga wasiƙun da Blaise Pascal da Pierre de Fermat suka yi musaya a 1654, waɗanda ake ɗauka a matsayin tushen wannan fanni. Wasa biyu ne. Na farko, a jefa ƙwaya ɗaya sau 4, a ci in shida ta fito aƙalla sau ɗaya. Na biyu, a jefa ƙwaya biyu sau 24, a ci in shida da shida sun fito aƙalla sau ɗaya. Mai tarawa kai tsaye zai ce 4 × 1/6 = 2/3, kuma 24 × 1/36 = 2/3, wasannin ɗaya ne. Amma ki gwada wannan tunanin da jifa 7: zai ba ki 7/6, yiwuwar da ta wuce ɗaya, abin da ba ya yiwuwa. Lissafin gaskiya ta hanyar kishiya ake yinsa. A wasan farko, rashin shida a jifa huɗu shi ne 5/6 a ninka sau huɗu, 625/1296, saura 671/1296, kusan 0.518. A na biyu, 35/36 a ninka sau 24 a ɗebe daga 1, kusan 0.491. Ɗaya ya ɗan haura rabi, ɗayan ya ɗan gaza, kuma wannan ɗan bambancin ya isa ya raba mai riba da mai asara in an daɗe ana wasan. E, a teburin caca aka haifi ilimin, amma babu abin da ya kai shi tona asirin caca. Samarin da ke haɗa wasannin ƙwallo goma a takarda ɗaya, ko da kowane hasashe nasu yana da damar kashi 70 cikin 100, wanda ma an yi musu kara sosai, 0.7 a ninka sau goma bai kai kashi 3 cikin 100 ba.

Akwai kalmomi biyu da ɗalibai ke cakuɗawa, kuma ya kamata ki raba su. Abubuwan da ba sa haɗuwa daban, abubuwa masu zaman kansu daban. Na farko zancen tarawa ne, na biyu zancen ninkawa. Hasali ma, abubuwan da ba sa haɗuwa ba za su taɓa zama masu zaman kansu ba: in na gaya miki ƙwaya ta nuna 2, kin san tabbas ba ta nuna 5 ba, labarin ɗaya ya kashe ɗayan gaba ɗaya.

Zaman kai kuwa ba a ɗaukarsa kyauta. A ce aji yana da ɗalibai 40, 25 sun ci lissafi, 20 sun ci fiziks, 18 sun ci duka biyun. Yiwuwar ɗalibin da aka zaɓa ya ci duka biyun ita ce 18/40, wato 0.45, an ba ki ita a cikin tambayar. Wanda ya ga 'da' ya ninka 25/40 × 20/40 zai samu kusan 0.31, ya yi nesa da gaskiya, saboda mai ƙoƙari a lissafi yawanci shi ne mai ƙoƙari a fiziks, darussan biyu suna tafiya tare. Wanda ya ci aƙalla ɗaya kuma, 25 + 20 − 18 = 27, wato 27/40. Ba don ɗebewar ba da kin samu mutum 45 a ajin mutum 40.

Irin wannan ninkawar ba bisa ƙa'ida ba ta taɓa shiga kotu a Ingila. A 1999 aka yanke wa wata lauya, Sally Clark, hukunci bisa tuhumar kashe jariranta maza biyu, waɗanda suka mutu ɗaya bayan ɗaya suna 'yan makonni. Wani babban likitan yara ya shaida wa kotu cewa yiwuwar jariri ya yi mutuwar fuju'a a irin gidansu ɗaya ce cikin 8,543, don haka yiwuwar ta faru sau biyu ita ce wannan lamba a ninka da kanta, kusan ɗaya cikin miliyan 73. Ya ɗauki mutuwar biyu kamar jifan ƙwaya biyu, alhali yaran uwa ɗaya uba ɗaya suke, gida ɗaya suka kwana, duk abin da ya shafi na farko ta gado ko ta muhalli yana iya shafar na biyu. A 2001 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fito fili ta ce lissafin ba shi da tushe. An soke hukuncin a 2003, bayan da aka gano sakamakon gwajin da ke nuna ɗaya daga cikin yaran ya kamu da ƙwayar cuta, wanda ba a gabatar a shari'ar farko ba. Ki kwatanta da na sikila: can mun ninka ne bayan mun san iyayen AS ne, kuma rabon A da S a kowane ciki sabo ne. A nan kuwa ba a san abin da ke cikin jinin gidan ba, mutuwar farko ita kanta alama ce cewa haɗarin gidan ya fi na sauran gidaje.

A jarrabawa dai ba za a wahalar da ke haka ba. Akwai wata tambaya da take yawan dawowa da riga daban-daban: mutum biyu, ko maharba ne ko masu rubuta jarrabawa, yiwuwar nasarar na farko 2/3, ta na biyu 3/4, kuma ana nufin ki ɗauke su masu zaman kansu. Abu na farko, rubuta yiwuwar faɗuwar kowanne, 1/3 da 1/4. Duka su ci, 2/3 × 3/4 = 6/12. Duka su faɗi, 1/3 × 1/4 = 1/12. Ɗaya kawai ya ci, hanya biyu ce, 2/3 × 1/4 + 1/3 × 3/4 = 5/12. Aƙalla ɗaya ya ci, 1 − 1/12 = 11/12. Ki kiyaye tsakanin "ɗaya kawai" da "aƙalla ɗaya", 5/12 da 11/12 ba kusa suke ba, kuma a ɓangaren zaɓi ka darje za ki tarar an ajiye miki duka biyun cikin amsoshin. A ɓangaren da ake rubuta aiki kuwa, nuna ninkawar da tarawar a fili, kada ki rubuta amsar ƙarshe ita kaɗai, domin ana ba da maki a kan hanya ko da lissafin ƙarshe ya kuɓuce.

Ga wadda za ki gwada da kanki. Kwando yana da lemo 10, uku sun ruɓe, aka ciro uku ba a mayar ba. Nemo yiwuwar aƙalla ɗaya ya zama ruɓaɓɓe, sannan yiwuwar ɗaya kawai ya zama ruɓaɓɓe. Ta farko ki bi ta kishiya, ya kamata ki samu 17/24. Ta biyu amsarta 21/40. In kika samu 7/40, ruɓaɓɓen kika sa a cirowar farko kaɗai, kin bar ta biyu da ta uku.